Wa Ya Ce Araha Ba Ta Ado?

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, a wannan makon za mu ɗan jingine zancen siyasa da na tsadar kaya, mu taɓa wani batu wanda da yawa daga cikin masu karatu za su ce ai wannan na yara ne. Batun kuwa shi ne na tsofaffin katun, wato 'yan gajerun finafinan nan na zane mai motsi, masu minti biyar ko bakwai, waɗanda aka yi da kuɗi ƙalilan fiye da shekara sittin da suka wuce. Har gobe in aka kunna ɗayansu a wani shago a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, sai ka ga yara sun yi cincirindo, kuma babban da ya zo korarsu ya ɓuge da tsayawa a bayansu yana ƙyaƙyata dariya.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan atamfa da takalmi ba ni da ja, amma a kan waɗannan katun ina da ja ƙwarai. Sun yi araha kuma sun yi ado. Abin da ya ba su adon kuwa abu uku ne: murya, da labari, da sanin lokacin da ya kamata a saki abin dariya. Duka ukun nan ba a sayo su da dala. Dalilin da ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan magana a wannan shafi shi ne, mu da muke zaune a Kudu muna da 'ya'ya waɗanda Hausa ke zamewa daga bakinsu a hankali, kuma duk lokacin da aka ce me ya hana a yi musu katun da harshensu, amsa ɗaya ake bayarwa, wai babu kuɗi. To, bari mu duba tarihin waɗanda suka yi nasu ba kuɗin, mu ga ko wannan uzuri zai karɓu.

YADDA AKA SHIGA HALIN TSIMI

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda zane ke motsi. Fim ba wani abu ba ne illa hotuna a jere, ana wuce da su da sauri a gaban ido, hoto 24 a cikin kowane sakan ɗaya. Ke nan katun na minti bakwai yana cin gurbin hoto 10,080. A manyan kamfanonin Amurka na da, irin su Disney da MGM, akan zana sabon hoto ga kowane gurbi, ko kuma ga kowane gurbi biyu, wato zane 12 zuwa 24 a sakan guda, duk da hannu. Akan zana su a kan wani fallen roba garau wanda ake hango abin da ke bayansa, a shafa musu launi, a ɗora bisa hoton daji ko na ɗaki, sa'an nan a ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na jama'a masu yawa, na makonni da makonni.

Da irin wannan wahala aka yi Tom and Jerry na asali, wato kyanwa da ɓeran nan da kowa ya sani. William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi a kamfanin MGM a shekarar 1940, suka yi guda 114, bakwai daga ciki suka ci lambar yabo ta Oscar. Kowane ɗaya yakan ci dala 35,000 ko fiye a kuɗin wancan zamani. Saboda haka kada mai karatu ya sa waɗannan a layin masu araha, su na masu hannu da shuni ne.

Sai al'amura suka juya. A shekarar 1948 kotun ƙolin Amurka ta hana manyan kamfanoni tilasta wa gidajen silima sayen finafinai a dunƙule, alhali kuwa da ma a cikin wannan dunƙule katun ke samun shiga. Ga kuma talabijin ta shigo gidaje ta rage masu zuwa silima. Daɗin daɗawa, kamfanin MGM ya lura cewa in ya sake fito da tsohon katun, kuɗin da yake samu bai yi nisa da na sabo ba. A shekarar 1957 sai ya rufe sashen zanensa baki ɗaya. Hanna da Barbera, da lambobinsu bakwai, suka wayi gari ba aiki.

Suka juya wajen talabijin, ita kuwa ba ta da kuɗin silima. Shirinsu na farko, Ruff and Reddy, wanda ya fito a ƙarshen 1957, an ba su abin da bai wuce dala 3,000 ba a kan kowane yanki na minti biyar. Mai karatu ya auna da kansa, daga 35,000 zuwa 3,000. Wani da sai ya ce wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, ya nemi wata sana'a. Su kuwa sai suka zauna suka tambayi kansu, a cikin duk wannan zane da muke yi, wanne ne mai kallo ba zai iya haƙura da shi ba, wanne ne kuma in an cire ba zai damu ba?

DABARUN MAI ƘARAMIN ƘARFI

Amsar da suka samu ita ce ta zama sana'ar da ake kira taƙaitaccen motsi. In mutum yana tsaye yana magana, ba sai an sake zana shi gaba ɗaya ba. Sai a zana gangar jikin sau ɗaya a bar ta a kan falle guda, kai a kan wani falle, baki da idanu a kan wani. Baki kaɗai za a riƙa canjawa, da ɗan ƙifta ido jefi-jefi don kada a ce gunki ne. In tafiya ce, a zana taku ɗaya cikakke, a yi ta maimaita shi, a riƙa jan hoton baya. Shi ya sa in kun lura, wanda ake bi da gudu a cikin ɗaki yakan wuce taga ɗaya da fitila ɗaya har sau biyar, kai ka ce ɗakin ya kai tsawon titin Ikko zuwa Badun. In kuma za a yi karo, sai a yi shi a gefen da ido ba ya gani, a girgiza hoton, a saki ƙarar faɗuwar kwanoni. Mai kallo ya ji, ya yi dariya, ba a zana kome ba.

Akwai wani abin da ya fi wannan ban sha'awa. Ku dubi Yogi Bear, dabbar dajin nan ta ƙasashen sanyi da ake kira beyar. Ba ya sa riga, ba ya sa wando, amma yana da hula da kwalar riga da maɗaurin wuya irin na ma'aikatan ofis. Yaro zai ɗauka gayu ne kawai. Gaskiyar magana ita ce kwalar nan ita ke ɓoye mahaɗar kai da jiki, domin a riƙa motsa kai a bar jiki a tsaye ba tare da an ga tsaga ba. Talauci ne ya ɗinka masa kwalar, amma yau in aka cire ta ba wanda zai gane shi. Abin da aka yi don tsimi ya koma shi ne adon.

Ba su ne farkon masu rage zane ba. Wani kamfani mai suna UPA, wanda waɗansu tsofaffin ma'aikatan Disney suka kafa bayan yajin aikin da aka yi a can a 1941, shi ya fara nuna cewa 'yan layuka kaɗan da launi shimfiɗaɗɗe sun isa su ba da labari. Katun ɗinsu na 1950, Gerald McBoing-Boing, labarin wani yaro da ba ya magana sai dai ya yi ƙarar abubuwa, ya ci lambar Oscar. Su UPA sun rage zane ne don sun ga ya fi kyau a ido, su Hanna kuwa don aljihu, amma hanyar ɗaya ce. A can Turai ma, a birnin Zagreb na ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci, Dušan Vukotić ya yi wani ɗan katun mai suna Surogat a 1961, mutanen cikinsa duk 'yan siffofi ne masu kusurwa da da'ira, kamar abin da ɗan firamare zai zana a bayan littafinsa. A 1962 ya ci lambar Oscar.

INA DAƊIN YAKE?

To, in an rage motsi, me ya rage da zai riƙe mai kallo? Nan ne gizo ke saƙar. Da Hanna da Barbera suka ga ba su da kuɗin zane, sai suka zuba ƙarfinsu a kan baki. Suka ɗauko gwanayen murya guda biyu, Daws Butler da Don Messick. Butler shi ne muryar Huckleberry Hound, shuɗin karen nan mai sanyin magana wanda ko gini ya faɗo masa ba ya ɗaga murya, kuma shi ne dai muryar Yogi mai cika baki. Messick kuwa shi ne ɗan ƙaramin abokin Yogi mai yi masa nasiha, kuma shi ne mai gadin gandun dajin da Yogi ke wahalarwa. Mutum biyu a gaban makirfo sun cika daji da jama'a. Suka kuma ɗauko marubuta irin su Warren Foster da Michael Maltese, waɗanda suka ƙware wajen tsara abin dariya tun suna kamfanin Warner. Shi Hanna da kansa gwaninsa shi ne auna lokaci, wato sanin sakan nawa za a yi shiru kafin tukunya ta faɗo a kan mutum. In ta faɗo da wuri ba dariya, in ta makara ba dariya.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Shirin Huckleberry Hound ya fito a 1958, kamfanin abinci na Kellogg's ya ɗauki nauyinsa, a 1960 kuma ya zama shirin zane na farko da ya ci lambar Emmy, wadda ita ce babbar lambar talabijin a Amurka.

Wani misalin da ya fi wannan fitowa fili shi ne na Jay Ward. Shirinsa na kurege Rocky da abokinsa Bullwinkle ya fara a 1959, kuma don a rage kashe kuɗi aka kai aikin zanen ƙasar Meziko. Zanen yakan dawo da kurakurai, launin tufafi ya canja daga wannan hoto zuwa wancan, gashin baki ya ɓace ya dawo. Duk da haka har yau ana lissafa shi cikin shirye-shiryen da suka fi kowane iya magana, domin marubutansa sun cika shi da habaici da ba'a ga 'yan siyasa da 'yan leƙen asirin zamanin gaba tsakanin Amurka da Rasha. Yaro na dariyar faɗuwa, uba na dariyar habaici, a kan tabarma ɗaya.

Wani shahararren mai zane, Chuck Jones, wanda ya saba da aikin silima mai tsada, ya yi wa irin wannan katun ba'a, ya ce ai wannan rediyo ne mai hoto. A wurinsa zagi ne. Amma mu da muka tashi muka tarar da iyayenmu da rediyo manne a kunne, wannan magana ba ta yi mana kama da zagi ba. Wanda ya san yadda marigayi Usman Baba Pategi ke cika gida da dariya a Samanja Mazan Fama, ko marigayi Kasimu Yero a Karambana, ya san cewa murya da iya zance su ne jarin wasa. Rediyo mai hoto ai gaba ce ta kai mu.

Sa'an nan ku dubi labarin shi kansa Yogi. Kullum yunwa, kullum dabara, kullum yana ƙulla yadda zai raba masu yawon shan iska da kwandon abincinsu, ga na kusa da shi yana ce masa a bari, shi kuwa ba ya ji, ƙarshe dabarar ta koma kansa. Wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya ya san wannan hali, halin Gizo ne da Ƙoƙi. Ba na cewa Amurkawa a wurinmu suka ɗauka. Abin da nake cewa shi ne, irin labarin da ya fi dacewa da katun mai araha, wato gajere, mai mutum biyu ko uku, mai dabara ɗaya da sakamako ɗaya, muna da shi cike da rumbu.

BA DUKA AKA TARU AKA ZAMA ƊAYA BA

Kada kuma mu yi wa araha kirarin da ya wuce kima. Akwai masu arahar da ba su yi ado ba ko kaɗan, kuma sanin dalilin faɗuwarsu yana da amfani kamar sanin dalilin nasarar sauran.

A 1959 aka yi wani shiri mai suna Clutch Cargo. Masu shi sun kai tsimi maƙura, har suka ƙi zana baki. Sai su ɗauki hoton leɓen mutum na gaske yana magana, su ɗora a kan zanannen fuska wadda ba ta motsi. Abin ya fito kamar aljani ya leƙo ta cikin takarda. Yau in ana tuna shi, don mamaki ake tunawa. Haka kuma tsakanin 1960 da 1962 aka yi sababbin katun na Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan mai cin alayyafo, har guda 220 domin talabijin, aka rarraba aikin ga kamfanoni daban-daban don a gama da sauri. In ka jera su da Popeye na 'yan'uwan nan Fleischer na shekarun 1930, sai ka ga da yawansu labari ɗaya ne ake ta juyawa ba gishiri. Abin da ya kashe su gaggawa ce da neman yawa, domin an yi tsimin zane kuma an yi tsimin tunani.

Shi kansa Tom and Jerry ya ɗanɗana wannan. Bayan MGM ta rufe sashenta, sai ta ba Gene Deitch kwangilar yin sababbi guda 13 a birnin Prague na ƙasar Chekoslobakiya ta da, a 1961 da 1962, a kan kuɗin da bai kai sulusin na asali ba. Deitch gwani ne, don ya ci Oscar da wani katun nasa mai suna Munro. Amma Tom and Jerry wasa ne da aka gina bisa motsi zalla, ba magana a cikinsa, saboda haka in ka rage motsin ka rage kome. Suka fito da wani irin sauti mai amsa-kuwwa da motsi mai fizga, har yau masu kallo sun rabu biyu a kansu. Darasin a nan shi ne, mai ƙaramin jari ya zaɓi wasan da ya dace da jarinsa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai kuma wani aibu da ya wajaba iyaye su sani. Da yawa daga cikin tsofaffin katun na Amurka, masu tsada da masu araha, sun zana baƙar fata da siffar wulaƙanci, ƙaton leɓe da wauta da lalaci. Abin ya kai a 1968 kamfanin United Artists ya janye guda 11 daga cikin na Warner daga talabijin saboda wannan dalili. Ko a Tom and Jerry na asali akwai wata baƙar mace da akan nuna daga ƙafa zuwa kafaɗa, wadda daga baya aka riƙa gyara wurarenta ko a cire. Yanzu da waɗannan abubuwa ke yawo a intanet ba mai tacewa, uba ya duba abin da ɗansa ke kallo. Son tsohon abu bai ce a haɗiye shi da ƙaya ba.

GA MAƘWABCINMU NA NIJAR

Wataƙila wani ya ce, to ai duk waɗannan Turawa ne, araharsu ma ta fi ƙarfinmu. Shi ya sa na ajiye wannan misali a ƙarshe. A Jamhuriyar Nijar an yi wani bawan Allah, Mustafa Alasan, wanda a rubutun Faransanci ake rubuta sunansa Moustapha Alassane. An haife shi a 1942, ya fara da aikin kanikanci, kuma tun yana saurayi yake haɗa fitila da 'yan zane-zanensa yana nuna wa jama'a wasan inuwa, irin abin da mu muka sani da majigi. Ya yi aiki a Yamai tare da Bafaranshen nan mai ɗaukar fim, Jean Rouch, daga nan ya je Kanada ya haɗu da Norman McLaren, mutumin da ya yi suna wajen zana hoto kai tsaye a kan zaren fim ba tare da kyamara ba.

A tsakiyar shekarun 1960 Mustafa ya yi katun ɗinsa La Mort de Gandji, wanda ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara ta 1966 ya yi Bon Voyage Sim, ɗan katun na kimanin minti biyar, baƙi da fari, 'yan layuka kawai. Labarin shugaban wata jamhuriya ce ta kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, ga faretin soja, ga jirgin sama, ga bushe-bushe, duk kwaɗi. Shekara shida ke nan da samun mulkin kan Nijar da Nijeriya, kuma duk wanda ya ga yadda sababbin shugabanni ke son jerin gwano ya san inda aka dosa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana masu motsi, daga baya kuma ya yi Kokoa, wato kokowa, inda kwaɗi ke shiga fili suna gwada ƙarfi kamar yadda ake yi a filayen kokowar Nijar. Ya zauna a garin Tawa, cikin ƙasar Hausa, yana aikinsa da kayan da ya haɗa da hannunsa, har Allah ya yi masa rasuwa a Wagadugu a 2015. Ana nuna finafinansa a manyan bukukuwan fim na duniya, amma ina tantama ko mutum ɗaya cikin ɗari a Mile 12 ya taɓa jin sunansa.

MU FA?

Talabijin ta shigo ƙasar nan tun 1959 a Badun, ta iso Kaduna a 1962, aka haɗa tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977. A tsawon shekarun nan yaran ƙasar nan sun sha kallon katun da la'asar, kusan dukansu na aro. A da wannan bai zama babbar matsala ba, domin in an kashe akwatin, yaro zai koma tsakar gida wurin kaka. Yanzu fa? Ɗan da aka haifa a Ikko ko Fatakwal ko Anacha, kakarsa tana Katsina ko Azare, sai an yi sa'a ya gan ta sau ɗaya a shekara. A makaranta Turanci, a layi Yarabanci ko Ibo ko Turancin buroka, a waya kuma katun na Turanci tun safe har dare. Uba ya fita kasuwa tun asuba, uwa na fama da aikin gida. Kafin ka ankara sai ka gai da yaro da Hausa ya amsa maka da wani harshe, ko ya ji amma ya kasa mayarwa. Koyon harshen maƙwabta alheri ne, kuma wajibi ne ga mazaunin Kudu. Asarar ita ce a sami na maƙwabta a zubar da na gida.

Na san akwai samarinmu da suka fara gwada yin katun da Hausa suna sakawa a YouTube, kuma sun cancanci yabo. Shawarata gare su ita ce, da yawansu suna bin hanyar da ba ta dace da aljihunsu ba. Suna son su kwaikwayi katun na kwamfuta irin na manyan kamfanoni, masu jiki kamar na gaske, sai abin ya fito a sandare kamar gunkin shagon tela, ga tsawo har rabin awa, ga sauti na shaƙe. Da sun bi sawun Hanna da Mustafa Alasan da ya fi musu. A zana Gizo da 'yan layuka goma, a ba shi hula ko rawanin da zai raba kai da jiki, a yi bakuna shida ko bakwai da za a riƙa canjawa, a zana bukka da gona da fadar sarki sau ɗaya a yi ta amfani da su. Sauran ƙarfin duka a zuba shi a kan marubuci, da masu murya biyu ko uku, da makirfo mai kyau, da mai kalangu ɗaya. Minti biyar ya isa. Fallen roba da fenti da kyamarar da suka ci kuɗin mutanen da, yau kwamfuta 'yar madaidaiciya ta ɗauke su, kuma akwai manhajojin zane irin su Krita da OpenToonz waɗanda kyauta ake samunsu.

Saura mai ɗaukar nauyi. Mun ga kamfanin abinci ne ya tsaya wa Huckleberry Hound, don yana son a ga sunansa. Ina attajiranmu na kasuwar shanu da ta gwari da ta canji a nan Kudu? Ina ƙungiyoyinmu da sarakunan Hausawa na unguwanni, waɗanda ba sa ƙyashin kashe kuɗi a bikin naɗi da kalanda? Abin da ake kashewa a walima ɗaya zai iya zaunar da samari uku su yi wata guda suna aiki. Gidajen talabijin na jihohin Arewa su ma su daina jiran sai sun sami kuɗin Disney, don ba za su samu ba, kuma ba sa bukatarsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ku kuma iyaye, kafin wannan ya samu, in za ku bar yaro da waya, ku zaɓa masa. Tsofaffin gajerun nan, bayan an tace masu aibu, sun fi da yawa daga cikin na yanzu masu walƙiya da ihu ba kai ba gindi, domin suna da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma cikin minti bakwai an gama an tashi. In an gama, ka ce wa yaron ya ba ka labarin abin da ya gani da Hausa, kai kuma ka rama masa da na Gizo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.